Dalma a Fentin Gidajen Haya: Wa Zai Ɗauki Nauyin Gyara?

GOMBE: Tun bayan kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, 'yan kasuwa suka dukufa wajen gina gidajen haya a unguwar Malam Inna. Ƙofofi da tagogin irin waɗannan gidaje galibi fentin mai ake shafa musu, wanda wasu masana'antu kan zuba wa dalma domin ya yi ƙyalli, ya kuma bushe da wuri. Idan ya tsufa ya soma ɓarewa, ƙananan yara kan haɗiyi ƙurarsa, gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada.

Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje tun 1978, sannan dokar 1992 ta tanadi tallafin gwamnatin tarayya ga jihohi da ƙananan hukumomi don gyara gidajen talakawa.

A nan gida kuwa, gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, amma kuɗin tsabtace ƙauyen Bagega bai fito ba sai 2013. Saboda haka mai gida a Malam Inna ya kwana da sanin cewa aljihunsa ne zai ji a jikinsa. Kankare tsohon fenti a bushe yana ƙara watsa ƙurar ne kawai. Sai an jiƙa shi tukuna, an kuma kwashe yara daga gidan.