Ruwan sama ya ragu, amma ruwan rijiyoyi ya hau

Manoma da makiyaya na ƙasar Nijar ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Tun daga wajen 1970 damina ta yi ta raguwa, har tsawon shekaru fiye da 20. Kowa zai zaci ruwan rijiyoyi ma ya ja baya. Amma a ƙasar Fakara da kewayenta, gabas da birnin Yamai, masu awon zurfin rijiyoyi sun tarar da akasin haka. Daga 1963 zuwa 2007, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kimanin mita 4.

Masanan cibiyar bincike ta IRD ta Faransa, tare da ma'aikatan ruwa na Nijar, sun bi diddigin wannan al'amari. Sun gwama hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1950 da na shekarun baya, sai dalili ya fito fili. Jama'a ta ƙaru, an sare daji an mayar da shi gonaki. Ƙasar da ta rasa itace da ciyawa takan daskare ta zama fako. In an yi ruwa, ba ya nutsewa inda ya sauka. Gudu yake yi, yana yanka kwazazzabai, har ya taru a tabkuna. Daga gindin tabkin ne yake tsiyaya sannu a hankali, ya ratsa rairayi, ya iske ruwan da ke kwance cikin dutsen yashi.

Taurarin ɗan Adam ma sun ba da shaida. A 2002 Amurka da Jamus suka harba tagwayen taurari masu suna GRACE, ɗaya na bin ɗaya, da tazarar kilomita 220 a tsakaninsu. In na gaba ya bi ta kan yankin da ruwa ya ƙara wa nauyi, ƙasa takan ɗan fizge shi, tazarar ta sake. Da wannan awo aka tabbatar cewa ruwan da ke ajiye a yankin kogin Isa ya ƙaru. Sun yi aiki har 2017, aka harba magadansu a 2018.

Hawan ruwan rijiya alheri ne ga mata masu jan guga da masu noman rani. Sai dai an biya shi da tsada. Ruwan da ke gudu yana kwashe ƙasar gona mai albarka, ya bar wa manomi tsakuwa. Wanda bai tsaya a tabki ba, sai kogi. Gorouol da Dargol da Sirba, masu fitowa daga wajen Burkina Faso, suna zuba jan ruwa cikin kogin Isa a tsakiyar damina. Ga shi tun bayan 1990 ruwan sama ya ɗan komo, amma sau da yawa kamar da bakin ƙwarya yake zuba. A watan Satumba na 2020 kogi ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsa, ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa.

Maganin kuwa yana hannun manoma, kuma hotunan sama sun nuna shi a gabashin ƙasa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun bar tohon gawo da kalgo ya girma cikin gonaki, har itatuwa suka komo a kan hekta kusan miliyan 5. A jihar Tawa, ramukan tasa da rabin wata sun raya fako a ƙasar Illela.

Saboda haka, magabata da ma'aikatan gona su sani: rijiyar da ta cika ba kullum take nufin ƙasa na lafiya ba. Ruwan da ya tsaya a gona shi ke ba da hatsi.