Daga Kamu Zuwa Digiri: Yadda Aka Koyi Auna Jikin Ɗan'adam

Tun kafin mita da kilo su shigo kasuwannin ƙasar Hausa, da jikinsa Bahaushe yake awo. Masaƙi da mai sayar da ƙyalle suna aiki da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya. Mai haƙar rijiya yana lissafi da gaba, watau tsawon hannuwa biyu in an buɗe su, shi ya sa in ana so a kambama zurfin abu akan ce rijiya gaba dubu. Manomi yana auna gona da taki, ƙananan abubuwa kuwa a auna su da taƙi. Wannan dabara ta game duniya: Larabawa suna da zira'i, Turawan Ingila suna da ƙafa da inci. Aibinta guda ɗaya ne, kuma kowace kasuwa ta san shi: kamun dogo ba ɗaya yake da kamun gajere ba. Don a kashe irin wannan gardama ne masanan Faransa suka ƙago mita a shekarun 1790, suka ɗauko tsawonsa daga girman duniya kanta, a maimakon hannun sarki ko na talaka. A 1875 ƙasashe goma sha bakwai suka sa hannu a kan yarjejeniyar mita a birnin Paris, kuma tun daga 1983 da gudun haske ake tabbatar da tsawonsa.

Da awo ya rabu da jiki ya tsaya da ƙafafunsa, sai al'amari ya juya, jikin da ake awo da shi ya koma abin aunawa. Hausawa sun ce jiki magayi. Tambayar da likitoci suka yi ta fama da ita shekaru ɗari huɗu ita ce, yaya za a mai da abin da jiki ke gaya wa mai shi ya zama lamba wadda wani zai karanta a wani gari ya fahimce ta daidai.

Likitocin dā ba su jahilci bugun jini ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani a kansa cikin littafinsa Al-Ƙanun, yana bin sawun Jalinus na Yunanawa. Amma da kalmomi suke siffanta shi. Akwai bugu mai kama da tafiyar tururuwa, akwai mai tsalle irin na barewa, akwai wanda ke sirancewa kamar wutsiyar ɓera. Waɗannan siffofi suna da daɗin ji, suna kuma nuna kaifin lura, sai dai ilmin yana zaune ne a kan yatsun malamin. Almajiri ba zai gane tururuwar ba sai ya shekara da shekaru yana riƙe tsintsiyar hannun majiyyata a gaban malaminsa, kuma likita biyu suna iya taɓa hannu ɗaya, wannan ya ce barewa, wancan ya ce a'a.

Mutumin Da Ya Zauna A Kan Sikeli

Wanda ya fara sauya wannan hanya da gaske shi ne Santorio Santorio, wanda aka haifa a 1561, ya kuma koyar da ilmin likita a jami'ar Padua ta ƙasar Italiya. Ya sa aka ƙera masa kujera, aka rataye ta a jikin wani babban sikeli. A kanta yake cin abinci, a kanta yake aiki. Yana auna abin da ya ci da abin da ya sha, sa'an nan ya auna abin da ya fita daga jikinsa ta hanyar bawali da bayan gida, ya kuma auna nauyin kansa. Wajen shekara talatin yana wannan hali. Abin da ya gano ya ba mutane mamaki: abin da ke fita ta hanyoyin da aka sani bai ko kai rabin abin da ya shiga ba. A lissafinsa, in mutum ya ci ya sha abin da ya kai laba takwas a yini, kamar laba biyar takan salwanta ta fata da numfashi ba tare da an gani ko an ji ba. Ya buga wannan a 1614. Bayanin da ya yi na dalilin abin ya tsufa, domin a zamaninsa ba a san iskar oksijin ba, balle yadda jiki ke ƙona abinci. Hanyar da ya bi ita ce ta dawwama, watau a auna, a rubuta, a sāke aunawa gobe.

Akwai wata na'urarsa da ta fi kujerar ban sha'awa ga mai nazarin awo. Zare ne aka ɗaura wa ɗan curin darma yana lilo. Lilon gajeren zare ya fi na dogo sauri, saboda haka sai likita ya riƙa rage zaren ko ƙara shi har lilon ya yi daidai da bugun jinin majiyyaci, daga nan ya auna tsawon zaren. Ashe ke nan bugun zuciya ya zama abin da ake faɗa da tsawo, kamar ƙyalle a hannun ɗan kasuwa. Ƙirga bugu a cikin minti ɗaya, yadda ake yi yanzu, bai samu ba sai da aka sami agogo mai nuna daƙiƙa. Wani likitan Ingila, John Floyer, shi ya sa aka ƙera masa irin wannan agogo, ya kuma rubuta littafi a kansa a 1707.

Labarin awon ƙarfin jini gajere ne amma da jini a ciki. A 1733 wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya bayyana yadda ya sa dogon bututun gilashi a jijiyar wata goɗiya, jini ya hau sama da ƙafa takwas. Sai a 1896 Riva-Rocci na Italiya ya fito da robar da ake naɗawa a damtse a hura, a 1905 kuma Korotkoff na Rasha ya nuna yadda za a saurari ƙarar jini a ƙarƙashinta. Lambobi biyun nan da ake faɗa wa mai hawan jini, kamar 140 bisa 90, tsawon hawan zaiba ne a cikin bututu, da milimita, ko da yake yawancin na'urorin yanzu babu ɗigon zaiba a cikinsu.

Daga Ina Digiri 37 Ya Fito?

A nan ne maganar ta fi zurfi. Uwa takan sa bayan hannunta a goshin yaro ta ce jikinsa ya yi zafi, kuma sau da yawa gaskiyarta ne. Amma hannun da ya fito daga ruwan randa da wanda ya fito daga bakin murhu ba za su ba da labari ɗaya ba. Ma'aunin zafi ya zo ne don ya raba wannan gardama, sai dai shi ma da jiki aka fara daidaita shi. Lokacin da Fahrenheit ya bayyana ma'auninsa a 1724, ɗaya daga cikin matakan da ya kafa shi a kansu shi ne zafin jikin lafiyayyen mutum, wanda ya ba lamba 96. Watau har a lokacin ana ɗauka zafin jikin mai lafiya abu ne tsayayye, wanda za a iya jingina awo a kansa. Celsius na ƙasar Suwidin, a 1742, shi ya jingina nasa a kan daskarewar ruwa da tafasarsa.

Lambar 37 da kowane ɗan makaranta ya haddace ta fito ne daga asibitin Leipzig a ƙasar Jamus. Carl Wunderlich ya tara awo sama da miliyan ɗaya daga majiyyata wajen 25,000, ya buga sakamakon a 1868. Ya ce matsakaicin zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, abin da ya haura 38 kuwa zazzaɓi ne. Aiki ne na haƙuri ƙwarai, domin ma'aunin zamanin dogo ne, a hamata ake sa shi, kuma sai an jira minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin a karanta. A daidai wannan lokaci ne Clifford Allbutt na Ingila ya fito da gajeren ma'auni mai inci shida wanda ke gama aiki cikin minti biyar, shi ne ya shiga aljihun likitoci. Babbar gudummawar Wunderlich ita ce ya nuna zazzaɓi alama ce, kuma kowace cuta tana da yadda take hawa da sauka da zafin jiki. Takardar nan da ake ratayewa a ƙafar gadon majiyyaci, mai zane kamar haƙoran zarto, gadonsa ce.

Fiye da shekara ɗari ba a cika tuhumar wannan lamba ba. A 1992 Philip Mackowiak da abokan aikinsa a jami'ar Maryland ta Amurka suka auna lafiyayyun mutane 148 ta baki, suka sami matsakaici 36.8. Suka kuma tabbatar da cewa zafin jiki yana ƙasa da asuba, yana sama da la'asar, har abin da za a kira zazzaɓi da ƙarfe shida na safe ya zama ba kome ba ne da ƙarfe huɗu na yamma. Daga baya aka gwada wani tsohon ma'auni da ke ajiye a gidan tarihi a Philadelphia, wanda ake danganta shi da Wunderlich, aka tarar yana ƙara fiye da digiri ɗaya a kan na zamani. Sa'an nan a 2020 masu bincike a jami'ar Stanford suka kwatanta bayanan tsofaffin sojojin yaƙin basasar Amurka da na mutanen zamanin nan, suka ce jikin Amurkawa kansa yana ta yin sanyi kaɗan-kaɗan, kamar digiri 0.03 a kowace shekara goma ta haihuwa, mai yiwuwa saboda raguwar cututtuka masu daɗewa a jiki. To, ma'aunin ne ya yi ƙari, ko jikin ne ya sauya? Ga dukan alamu kowanne yana da nasa kason. Abin da ya tabbata shi ne, 37 matsakaici ne da aka ɗebo daga hamatar Jamusawa a ƙarni na goma sha tara, da kayan aikin ƙarni na goma sha tara. Tamkar mudu ne da aka yanka a wata kasuwa, sauran kasuwanni suka karɓa.

Na'urar Da Ba Ta Ganin Baƙar Fata Sosai

Bambancin kashi biyu cikin goma na digiri ba ya kashe kowa. Akwai inda tambayar nan, da jikin wa aka daidaita ma'auni, take zama maganar rai da mutuwa.

A asibitoci yanzu akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa majiyyaci a ɗan yatsa, ta nuna kashi nawa cikin ɗari na jininsa ke ɗauke da oksijin. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana haska haske iri biyu ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani. Jini mai oksijin da marar oksijin ba sa shanye waɗannan haske daidai, sai na'urar ta lura da bambancin a duk bugun zuciya ta fitar da lamba. Lambar ba daga lissafi kaɗai take fitowa ba. Masu ƙera na'urar sukan tara lafiyayyun mutane, su rage musu oksijin a hankali, su riƙa ɗibar jininsu suna kwatantawa da abin da hasken ya nuna, da haka ake koya wa na'urar karatu. A ƙa'idar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2013, mutum goma sun isa wannan gwaji, muddin aƙalla biyu daga ciki, ko kashi 15 cikin ɗari, masu duhun fata ne.

Sinadarin da ke sa fata ta yi baƙi shi ma yana shanye haske. A watan Disamba na 2020, ana tsakiyar annobar korona, likitocin jami'ar Michigan suka kwatanta abin da na'urar ta nuna da abin da aka samu a jinin da aka ɗiba daga jijiya. Suka duba inda na'urar ta ce 92 zuwa 96, watau babu tashin hankali, alhali gaskiyar oksijin ta faɗi ƙasa da 88. Wannan ya faru ga kusan kashi 12 cikin ɗari na awon baƙar fata, ga farar fata kuwa bai kai kashi 4 ba. Kuskuren ya karkata ne ta ɓangaren da ya fi haɗari, domin na'urar tana cewa lafiya lau a lokacin da majiyyaci ke bukatar a sa masa oksijin. Tun a shekarun 1990 an fara ankarar da likitoci game da wannan, ba a dai ɗauki abin da muhimmanci ba. A watan Janairu na 2025 hukumar ta Amurka ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida, ta ba da shawarar a gwada kowace na'ura a kan mutum 150 ko fiye, masu launin fata iri-iri.

Wannan ya shafi kowane ɗakin yara a asibitocin Kano da Maraɗi da Damagaram, inda ciwon huhu yake cikin manyan masu kashe ƙananan yara, inda kuma kusan duk yatsan da za a maƙala wa na'urar baƙi ne. Ba a ce a yar da ita ba, gama amfaninta ya fi aibinta nesa, kuma rashinta a ƙananan asibitoci ya fi kuskurenta illa. Abin da ake nema ga ma'aikacin lafiya shi ne, in lamba ta ce 93 amma yaro yana haki, haƙarƙarinsa yana lotsawa, ya gaskata idonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da awon da ba ruwansa da launin fata: a ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ga ɗan wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 40.