Tuwon alkama ba maganin ciwon suga ba ne

Tun da ciwon suga ya yawaita a gidajenmu, wata magana ta samu gindin zama: wai duk wanda aka ce sugansa ya hau, to ya yi ban kwana da gero da dawa, ya koma tuwon alkama, ko acca idan aljihu ya yarda. Sai ka ga dattijo ya tasa malmala uku ta alkama a gaba yana ci hankali kwance, a zatonsa magani yake sha.

Alkama da gero da dawa da masara duk kanwar ja ce ta wannan fuska: kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsu sitaci ne, kuma sitaci sukari yake komawa idan ya isa hanji. Garin alkama da injin ya niƙa ya yi lilis yana hawar da suga kusan daidai da farin burodi. Abin da ya kamata mai ciwon ya duba shi ne yawan abin da ya ci, da irin aikin da aka yi wa hatsin kafin ya shiga tukunya.

A nan muke tafka asara. Idan aka kai dawa surfe, aka sheƙe, aka wanke har ta yi fari tas, abin da ya tafi cikin dusa shi ne harzar da ke rage saurin shigar sukari cikin jini, da bitamin B, da kaso mai yawa na sinadarin ƙarfe. Ragon layya muke zuba wa, shi ya yi ɓul-ɓul, mu kuma mu yabi farin tuwo.

Ba yau aka gano haka ba. A shekarun 1890, wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Java cewa kajin da ake ba farar shinkafa ƙafafunsu na shanyewa, suna kuma miƙewa idan aka mayar musu da mai dusa. Binciken ya kai ga gano bitamin B1, ya kuma ba shi kyautar Nobel a 1929. Shi ya sa shinkafarmu ta gida da ake turarawa kafin a cire mata ƙaiƙayi ba abar rainawa ba ce, domin turarin na tura bitamin ɗin cikin ƙwayar.

Hatsi na da giɓinsa, furotin ɗinsa bai cika ba. Wake da nono ne ke cike shi, kuma shinkafa da wake ko fura da nono sun riga malaman abinci sanin haka. Jiƙa gero ya kwana ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, yana sa jiki ya fi cin moriyar ƙarfen da ke cikinsa. Shayi a kan abinci kuwa rage ta yake yi.

Cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta fitar da irin gero mai ƙarin ƙarfe, Chakti, a Nijar a 2018. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya. Mu da muke sahun gaba a noman gero, an yi taruka an watse, marar lafiya kuma har yanzu a bakin mai awo yake jin abin da zai ci, ya sayi alkamar da akasarinta daga waje ake shigo da ita.