Kafin manhaja ta iso wayoyin Diffa: yadda ake gwajin ƙwayar Linux

A kasuwar Diffa, wayoyin Tecno da Infinix da Samsung sun zama kayan aiki. Da su dillalin tattasai ke jin farashin buhu a Damagaram ko Maiduguri, da su ake aika kuɗi ga dangi a Bosso, N'Guigmi ko Maïné-Soroa. Duk wayar da ke aiki da Android, a cikinta akwai wata manhaja da mai waya ba ya gani, sunanta Linux. Ita ce ƙwayar da ke tsakiya, kamar ƙwallon dabino: ita ke haɗa allo, batir, kyamara da ma'ajiyar bayanai da sauran manhajoji. In ta samu matsala, waya na iya daskarewa, ko ɓarawon intanet ya samu ƙofa.

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991. Buɗaɗɗiya ce: kowa na da damar karanta rubutunta, ya gyara, ya raba. Yau layukanta sun haura miliyan 40, kuma kimanin mutum 2,000 ne ke sa hannu a kowane sabon fiti. To ta yaya ake hana wannan taron hannuwa ɓata miya?

Manomin tattasai a bakin Komadugu ba ya watsa iri kai tsaye a gona. Yana fara rainonsa a ɗan fili, ya ga wanda ya tsira lafiya, sannan ya yi dashe. Haka ma aikin Linux. Gyare-gyare na fara taruwa a wani rumbun gwaji mai suna linux-next, wanda Stephen Rothwell ya kafa a 2008, don a ga ko aikin wani na cin karo da na wani. Sai Torvalds ya buɗe ƙofa tsawon mako 2 ya karɓi sababbin abubuwa. Da ya rufe, sai ya fitar da fitin gwaji na farko, rc1, kuma kowace Lahadi wani ya biyo baya, yawanci har zuwa rc7. A waɗannan makonni gyaran kurakurai kawai ake karɓa. Bayan mako 9 ko 10 cikakken fiti ya fito. Babbar ƙa'idar Torvalds ita ce: abin da ke aiki jiya, kada sabon gyara ya lalata shi yau.

Idon mutum kaɗai ba ya isa, don haka aka sa na'urori. Tun 2017 wata manhajar Google mai suna syzbot ke jefa wa Linux umarni barkatai dare da rana, in ta faɗi sai ta kai rahoto. Ta tono dubban kurakurai. Shi kuma shirin KernelCI, da ya koma ƙarƙashin gidauniyar Linux a 2019, yana gwada kowane sauyi a kan na'urori na gaske iri-iri.

Amfanin wannan tsari ya fito fili a farkon watan Maris 2021. An gano cewa fitin gwaji na 5.12-rc1 na iya rubutu a kan bayanan mutum ya lalata su. Torvalds ya gargaɗi jama'a da su guje shi, ya canza masa suna don kada a yi amfani da shi, aka kuma gaggauta fitar da rc2. Kuskuren ya tsaya a wurin raino, bai kai gona ba.

Amma ba kullum ake dacewa ba. A watan Oktoba 2016 aka bayyana wata ɓaraka mai suna Dirty COW, wadda ta shekara 9 a ɓoye. Da ita ƙaramar manhaja za ta iya karɓe ikon na'ura baki ɗaya. An toshe ta cikin gaggawa, amma a 2017 masu bincike suka ga manhajojin Android na damfara suna ci gaba da amfani da ita, domin wayoyi da yawa gyaran bai kai gare su ba.

A nan ne batun ya shafi Diffa. Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa na fitar da gyare-gyare kusan kowane mako, bayan sun ba masu gwaji awa 48 su duba. Sai dai kafin gyara ya iso hannun mai waya, sai ya bi ta Google, da kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, da kamfanin wayar kansa. Waya mai araha sau da yawa a hanya ake manta ta. Daga Android 12, a 2021, Google ya wajabta wa sababbin wayoyi ƙwaya ta bai ɗaya domin taƙaita wannan hanya. A ɗaya gefen kuma, a 2023 masu kula da Linux sun sanar da rage wa'adin kula da fitin dogon zango daga shekara 6 zuwa 2, saboda aikin ya yi musu yawa.

Mai waya na iya duba matsayin tasa: a Paramètres, wajen bayanin waya, akwai kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In ya shekara biyu ko uku bai motsa ba, ya kamata a yi hattara da ajiye kuɗi da lambobin sirri a cikinta. In saƙon sabuntawa ya zo, a karɓe shi lokacin da batir ya cika kuma intanet ta tsaya, ko da zai ci forfe. A kuma guji manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya ba a san tushensu ba. Mai sayen sabuwar waya kuwa, bayan ya tambayi girman batir, ya tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin aiko da gyara.