Sharuɗɗa da Matakan Jarrabawar Lasisin Tuƙi a Nijeriya: Duba Daga Ƙasar Dingyaɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta bayyana sharuɗɗa da matakan da doka ta shimfiɗa wa mai neman lasisin tuƙi a Nijeriya, tare da auna su da halin da mai nema daga Dingyaɗi ta ƙaramar hukumar Boɗinga yake ciki. Ta nuna cewa lasisi shaida ce a kan abu uku: sanin ko wane ne direba, saninsa ga dokokin hanya, da ƙwarewarsa a kan sitiyari. Hanyar gargajiya ta koyon tuƙi a ƙasar Hausa tana samar da na ukun, amma ba ta bayar da takardar da hukuma take karɓa a kan na farko da na biyu. A wannan giɓi ne harshe da tsarin sunayen Hausawa suke zama ƙalubale, kuma a nan ne masana Hausa suke da rawar takawa.

1.0 Gabatarwa

Dingyaɗi gari ne a ƙaramar hukumar Boɗinga, kudu da birnin Sakkwato. Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega ita ce jijiyar zirga-zirgar wannan yanki. A kanta ake kai amfanin gona da dabbobi kasuwa, a kanta ake kai marasa lafiya asibitocin birni. Saboda haka tuƙi sana'a ce babba ga matasan yankin, tun daga ɗan kabu-kabu har zuwa direban babbar mota.

Bisa al'ada, saurayi yakan fara ne a matsayin yaron mota. Yana wanke mota, yana ɗaure kaya, yana sa wejin taya, har ubangidansa ya fara ba shi sitiyari a fili ko a hanyar da ba cunkoso. Bayan shekaru sai a yaye shi. Wannan tarbiyya tana fitar da direbobi masu hannu, waɗanda suke gane ciwon inji daga ƙararsa. Sai dai doka ba ta san yaye ba. Abin da ta sani shi ne lasisi. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace hanyar samun lasisin daki-daki, da nuna wuraren da Bahaushen karkara ya fi yin tuntuɓe.

2.0 Hukumomin da Ke da Hannu

Hukumomi uku ne suke tarayya a kan lasisi, kuma rashin bambance su yana cikin abin da ke ruɗa masu nema.

Ta farko ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1988 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Dokar da take aiki da ita a yau ita ce ta 2007, sannan Ƙa'idojin Zirga-zirgar Hanya na Ƙasa na 2012 suka yi bayanin yadda za a aiwatar da ita. Hukumar ce take tantance makarantun koyon tuƙi, take ɗaukar hoto da zanen yatsu, take buga katin, take kuma adana bayanan direbobi a rumbu ɗaya. Sakkwato ce hedikwatar shiyyarta ta goma, wadda ta haɗa jihohin Sakkwato da Kabi da Zamfara.

Ta biyu ita ce ofishin jami'an duba lafiyar ababen hawa, waɗanda aka fi sani da VIO. Su ma'aikatan gwamnatin jiha ne, kuma su ne suke yin jarrabawar. Ta uku ita ce hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha, wadda take tabbatar da an biya kuɗi, kuma ta hannunta katin yake isa ga mai shi. A taƙaice, ɗaya tana gwadawa, ɗaya tana bugawa, ɗaya tana karɓar kuɗi ta miƙa kati. Duk wanda ya ce zai tsallake wa mutum waɗannan ƙofofi uku yana zaune a gida, abin da zai kawo masa abin tuhuma ne.

3.0 Sharuɗɗan Shiga Jarrabawa

Sharaɗi na farko shi ne shekaru. Ba a bayar da lasisi ga wanda bai cika shekara 18 ba. Wanda kuwa yake son tuƙa motar haya, sai ya kai shekara 26, ya kuma gabatar da takardar likita da ke nuna ƙoshin lafiyarsa. Ana tabbatar da shekaru da takardar haihuwa, ko takardar rantsuwar kotu ga wanda ba a yi wa rajista ba lokacin haihuwarsa.

Na biyu shi ne lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda a yanzu ta zama wajibi ga sabon nema da kuma sabuntawa. Na uku shi ne shaidar kammala horo daga makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita. Tsarin hukumar ya tanadi darasi 26 kafin makaranta ta fitar da wannan shaida, kuma lambar da ke jikinta ce take buɗe wa sabon mai nema fom a intanet. Na huɗu shi ne takardar izinin koyo, wadda take halatta wa ɗan koyo hawa titi, matuƙar akwai mai lasisi a gefensa, kuma an liƙa jan harafin L a gaba da bayan motar. Na biyar shi ne lafiyar ido, domin wanda ba ya hango alama daga nesa ba zai iya yi mata biyayya ba.

Wajibi ne kuma mai nema ya san ajin lasisin da ya dace da shi. Ajin A na babur ne, shi ne na ɗan kabu-kabu. Ajin B na ƙaramar motar gida ce da nauyinta bai kai tan 3 ba, ban da ta haya. Ajin F na tarakta da injinan noma ne, G na tirela, H na katafila da makamantanta, J kuma na masu buƙata ta musamman. Azuzuwan C da D da E sun shafi sauran motoci gwargwadon nauyinsu da aikin da ake yi da su. Mai riƙe da ajin B da ya ɗauki fasinja a tasha ya karya doka, ko da katinsa na gaskiya ne.

4.0 Matakan Nema da Jarrabawa

Bayan kammala horo, mai nema zai cika fom a shafin lasisin tuƙi na ƙasa, ya biya kuɗi ta banki ko ta intanet, ya buga takardar shaidar biya. Bisa farashin da Hukumar Haɗin Gwiwar Haraji ta fara aiki da shi a watan Yunin 2025, lasisin mota na shekara 3 naira 15,000 ne, na shekara 5 kuma naira 21,000. Na babur da mai ƙafa uku naira 7,000 ne na shekara 3, naira 11,000 na shekara 5. Wannan bai haɗa da kuɗin makarantar koyo ba.

Jarrabawar da jami'an VIO suke yi kashi biyu ce. Kashi na farko ya shafi dokokin hanya da alamominta. Ana son mai nema ya san cewa siffar alama da launinta suna magana tun kafin a duba abin da aka zana a ciki. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce. Mai kusurwa uku gargaɗi ce, kamar na kwana ko gada ko mararraba ko wurin ƙetarawar dabbobi. Mai kusurwa huɗu sanarwa ce, kamar ta asibiti ko gidan mai. Mai kusurwa takwas kuwa tsayawa cak take nufi. Ana kuma tambaya a kan iyakar gudu: kilomita 50 a sa'a ga ƙaramar mota a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na musamman. Akwai kuma ƙa'idar shataletale, inda mai shigowa yake ba wanda ke zuwa daga hagunsa hanya, kasancewar Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972.

Kashi na biyu gwaji ne a aikace. Jami'i yana lura da yadda mai nema yake ɗaura bel, ya daidaita madubi, ya tashi mota ba tare da ta mutu ba, ya sauya giya, ya ba da sigina kafin kwana, ya yi ribas, ya faka, ya kuma taka birki a natse. A nan tsohon yaron mota yakan yi fice wajen sarrafa mota, amma yakan faɗi a kan ɗabi'un da ya gada a tasha, irin su dogaro da ham a maimakon madubi, ko wuce mota a kan kwana.

Wanda ya ci jarrabawa sai ya je cibiyar ɗaukar bayanai da kansa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da sa hannunsa. Daga nan sai a buga masa katin lasisinsa. Ga mutumin Dingyaɗi, waɗannan matakai suna nufin kai da komo zuwa birnin Sakkwato, da kuɗin mota, da barin gona ko sana'a na wasu kwanaki.

5.0 Matsalar Harshe da Suna

Fom ɗin nema da Ingilishi yake, kuma an gina shi a kan tsarin sunayen Turawa. Yana neman sunan iyali, alhali Bahaushe ba shi da sunan iyali irin na Bature. Yana amfani da sunan mahaifinsa, ko na kakansa, ko na garinsu. Yankin da ake magana a kai shi kansa hujja ne: Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, da sunan garinsu aka san shi, haka ma Alhaji Muhammad Maigari Dingyaɗi, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin 'yan sanda daga 2019 zuwa 2023. Mutum guda yana iya sa sunan gari a takardar makaranta, ya sa na mahaifi a rajistar NIN. Haka kuma suna ɗaya yakan zo da rubutu iri-iri: Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman. A wurin jama'a duk mutum ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta mutane huɗu ne. Idan bayanan fom suka saɓa da na NIN, nema yakan tsaya har sai an gyara.

Fom ɗin yana kuma tambayar sunan mahaifiya kafin aure. Tambayar ta ginu ne a kan al'adar da mace take ɗaukar sunan miji, wadda ba ita ce asalin al'adar Hausawa ba. Ga kuma kunya, wadda take sa Bahaushe nauyin ambaton sunan mahaifiyarsa a gaban baƙo. Haka ranar haihuwa: wanda aka ce masa an haife shi da kaka ko cikin azumi yakan ƙago rana a ofis, ya manta da ita, ya ƙago wata a ofis na gaba.

Ta fuskar ƙamus kuwa, Hausa ba ta da talauci a fagen sassan mota da sarrafa ta. Akwai sitiyari da birki da kuloci da giya da totur da sigina, duk sun zauna daram a bakin direbobi. Inda ake da rauni shi ne fagen doka. Ma'anoni irin su wanda ya fi cancantar wucewa a mararraba, ko tazarar da ta wajaba tsakanin mota da mota, ko gefen da madubi ba ya nunawa, direbobi sun san su a aikace, amma kowa da yadda yake faɗarsu. Jarrabawa kuwa tana son amsa tsayayya.

Waɗannan wahalhalu ne suke tura mutane hannun 'yan tsakani, masu karɓar kuɗi da hoto su dawo da kati. Katin da ba a ɗauki zanen yatsun mai shi a cibiya ba, ba ya cikin rumbun hukuma. Ranar da aka duba lambarsa, mai shi yana matsayin marar lasisi, laifin da tararsa take naira 10,000, ban da tuhumar riƙe takardar jabu. Mafi muni shi ne, an saki mutum a kan titi ba a gwada idonsa ba, ba a tambaye shi ma'anar alama ko ɗaya ba, ga shi da rayukan fasinjoji a bayansa. A nan karin maganar nan ta zuwa da kai ya fi saƙo ta zama doka.

6.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa matakan samun lasisi a bayyane suke: horo, izinin koyo, cika fom, biyan kuɗi, jarrabawa, ɗaukar bayanai, sannan karɓar kati. Abin da ya fi hana mutumin Dingyaɗi bin su ba rashin iya tuƙi ba ne. Nisa ne, da harshe, da tsarin suna. Nisa aikin gwamnati ne, amma sauran biyun suna cikin farfajiyar nazarin Hausa. Ana buƙatar tattara kalmomin da direbobi suke amfani da su a tashoshin Sakkwato da Boɗinga da Shagari, a tace su, a daidaita su da ma'anonin dokar hanya, domin malaman tuƙi da jami'an jarrabawa su yi magana da murya ɗaya. Ana kuma buƙatar jagora a Hausa, da boko da ajami, wanda zai nuna wa mai nema yadda zai tsayar da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya a duk takardunsa tun kafin ya doshi ofis. Sassan Hausa na jami'o'i, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke kusa da yankin, su ne suka fi dacewa da jan ragamar wannan aiki tare da FRSC da ƙungiyoyin direbobi.