Boɗinga, Sifawa da Shagari

Motar da ta bar Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega sai ta ratsa Boɗinga, can gaba kuma Shagari, biyu daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce: jigawa, gonakin gero da dawa, sai fadamu jefi-jefi inda ake noman rani. Zafin Afrilu kuwa, ba sai an faɗa ba.

Inda ya kamata a taka birki shi ne Sifawa, dab da Boɗinga, amma fasinja kan wuce ta yana gyangyaɗi. Tambayi ɗan makaranta inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan an ci Alkalawa a 1808, nan take zai ce Sakkwato. Kuskure ne, kuma an daɗe ana nanata shi! Ɗansa Muhammadu Bello ne ya gina Sakkwato a 1809. Shehu kuwa daga Gwandu Sifawa ya koma, ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa yana rubuta littattafai, ƙanensa Abdullahi na kusa da shi a Boɗinga. A wannan zaman ne, a 1812, ya raba kula da ƙasa: gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Sai 1815 ya shiga Sakkwato, ya rasu a 1817. A lissafa: shekara biyu kacal ke nan. Hubbaren Shehu da ke Sakkwato ne ya ja idon masu ziyara, Sifawa ta koma garin gefen titi.

Shagari ma ba ta tsira daga irin wannan ba. Akwai masu zaton garin ne ya ari sunan shugaban ƙasa. Ina! Shehu Usman Aliyu, wanda aka haifa a 1925, shi ya ɗauki sunan garinsu, inda mahaifinsa yake Magaji. Al'ada ce ta 'yan boko a wannan yanki, shi ya sa ake jin su Dingyadi da Tambuwal a majalisa, alhali duk garuruwa ne da kasuwanninsu. Ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma da ya rasu a Disamban 2018 gida aka mayar da shi aka binne.

Kusa da garin akwai madatsar ruwa a kan Gawon Gulbi. Masunta na jefa taru, manoma na jan ruwa zuwa gonaki, mutanen ƙauyukan ƙetare kuma na tsallakowa da kwalekwale.