Manhajojin Kyauta a Ajin Taswira na Jami'a

Wane ƙauye ne ya fi nisa da asibiti? Wace unguwa ruwa zai fara ci idan kogi ya cika ya batse? Irin tambayoyin da ɗalibin kimiyyar bayanan ƙasa, wadda aka fi sani da GIS, ke koyon amsawa ke nan. Yakan ɗora taswirar hanyoyi a kan ta koguna, ya ƙara ta yawan jama'a da ta tudu da kwari, sannan ya sa kwamfuta ta yi lissafi.

Shekara da shekaru kuɗi ne ya tsare ƙofar wannan ilimi. Manhajar da ta fi shahara, ArcGIS ta kamfanin Esri, sai da lasisi. Jami'a takan saya wa kwamfutocin ɗaki guda, ɗalibai su riƙa karɓa-karɓa. Da an kulle ɗakin, atisaye ya tsaya. Wanda ya kammala karatu kuwa yakan fita da ilimi a ka, babu kayan aiki a hannu.

Manhajojin da kowa ke iya saukewa kyauta, ya kuma duba cikinsu ya gyara, su suka sauya lissafin. GRASS ta fi tsufa, injiniyoyin sojan Amurka ne suka fara ta a 1982. QGIS, wadda Gary Sherman ya soma a 2002, ita ta fi shiga azuzuwa, domin tana aiki a Windows da Mac da Linux. A 2006 aka kafa gidauniyar OSGeo don kula da irin waɗannan manhajoji, a 2011 kuma ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu zana taswira ta duniya. Daga nan shirin GeoForAll ya bunƙasa, yana haɗa ɗakunan gwaji na jami'o'i a nahiyoyi daban-daban.

Bayanan ma sun samu. Tun 2008 Amurka ta saki hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat kyauta. Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, yana nuna ƙasa har zuwa faɗin mita 10. Ga kuma OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa kai ke zanawa tun 2004.

Ribar ba ta tsaya ga sauƙin aljihu ba. Malami zai iya ba da aikin gida, ɗalibi ya yi shi a kwamfutarsa cikin dare. Idan manhaja ta ce gangaren wani tudu kaza ne, ana iya buɗe umarnin da aka rubuta mata a ga dabarar da ta bi, har ɗalibi ya rubuta nasa da harshen Python. Mai duba kundin bincike ma zai iya maimaita aikin daga farko, ya tabbatar ba shaci-faɗi ba ne.

Arewacin Nijeriya ya ga amfanin fannin GIS a yaƙi da shan inna, lokacin da aka zana ƙauyuka da rugage daga hotunan sama, aka kuma bi sawun masu rigakafi da wayoyi masu GPS. A Yamai, cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974, tana horar da masu sa ido kan damina da amfanin gona a yankin Sahel.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Hoton tauraro guda na iya cinye datar ɗalibi. Sabon zubin QGIS na fitowa a kai a kai, dole malami ya riƙa sabunta darasi. Ma'aikatu da yawa kuma har yanzu ArcGIS suke tambaya wajen ɗaukar aiki, shi ya sa wasu sassan jami'a ke koyar da manhajojin biyu, su ba ɗalibi aiki iri ɗaya ya yi a kowacce ya gwada sakamakon.